Ranar da Rogo Ya Kayar da Shinkafa

Warsini tana durƙushe a kicin tana niƙa barkono a kan dutse, sai ga surukarta Bu Darmi ta faɗo ko sallama babu, ɗanta Gunarto yana biye da ita yana sosa ƙeya. Duk ranar da Gunarto ya shigo yana sosa ƙeya, Warsini ta san an gama yanke magana a ɗakin uwarsa, shi rakiya kawai ya yo.

"Wanke hannunki," in ji Bu Darmi. "Takarar dagaci za ki tsaya."

Warsini ta saki baki. "Ni, Ibu? A wane ƙauyen?" Ibu, wato uwa, take kiran surukarta.

"Ƙauye nawa gare mu? Nan Kalimendung mana!"

"To ai Mas Gunarto ne ke takara!" Mas take ce wa mijinta don girmamawa, shi kuma ya ce mata Dik, wato ƙanwa.

"Shi za ki kara da shi."

Innalillahi! Warsini ta dubi mijinta ko zai ce wasa ne, shi kuwa ya ƙura wa tukunyar shinkafa ido kamar yau ya fara ganinta.

Abin da ya faru shi ne, marigayi mahaifin Gunarto ya daɗe yana dagacin ƙauyen, kuma Bu Darmi ta rantse sai kujerar ta dawo gidanta. Yayanta, Pakde Sarmidi, wato Kawu Sarmidi, shi ya riƙe kamfen. Ya bi duk wanda ya nuna sha'awar takara, wannan ya lallashe shi, wancan ya tuna masa zumunci, har kowa ya janye. Aiki ya yi kyau har ya zarce, domin doka ta ce ba a zaɓe da ɗan takara ɗaya, dole sai biyu. Ga shi gobe za a rufe karɓar sunaye.

"Bare ba abin yarda ba ne," in ji Bu Darmi. "Ka sa shi don cika lissafi, ya ji daɗin kujera ya ƙi tashi. Ke kuwa ta gida ce. Zama kawai za ki yi ki faɗi."

Bayan ta fita, Gunarto ya tsuguna kusa da matarsa ya riƙo hannunta, barkono da komai.

"Sori, Dik. Taimakona za ki yi. A ƙauyuka da yawa haka ake yi, miji da mata."

"Mas, ko ni kaina kai zan zaɓa. Ke nan zan wuni a kan dandamali gaban jama'a, a ƙirga a ce ban samu ko ɗaya ba? Har na mutu ana yi mini dariya!"

"Ba wanda zai yi miki dariya ina raye."

Daga tsakar gida muryar Bu Darmi ta ratso, don kunnenta ba ya tsufa: "Ba a taɓa yi wa gidan nan dariya ba, kuma ba a kanki za a fara ba!"

Warsini ta yarda, saboda tana son mijinta so mai tsanani. Ita 'yar mai aikin ƙodago ce a gonakin mutane, kuma sau ɗaya tak Gunarto ya taɓa saɓa wa uwarsa a duniya, ranar da ya ce ko Warsini ko ya mutu gwauro. Ba ta manta wannan ba, Bu Darmi ma ba ta manta ba.

Da aka yi canki-cankin alamomin da za a buga a takardar zaɓe, inda mai zaɓe ke huda alamar gwaninsa da ƙusa, Gunarto ya zaro zangarniyar shinkafa, Warsini ta zaro rogo. Pakde Sarmidi ya yi dariya har da riƙe ciki. "Allah ma ya raba gardama! Wa zai bar shinkafa ya ci rogo?"

Aka shiga kamfen. Pakde ya kama Gunarto ya hana shi sakat: yau walima da manyan gari, gobe mawaƙa da lasifika a filin ƙwallo, fostocinsa har a jikin bishiyar kwakwa. Gidajen talakawa na ƙetaren rafi kuwa, inda mota ba ta zuwa, Bu Darmi ta ce wannan aikin Warsini ne. "Je ki gaya wa matan nan su huda shinkafa. Ai yarenku ɗaya."

Haka Warsini ta riƙa tattare zani tana ratsa ruwa, don ambaliyar bara ta tafi da gadar gora. Kowane gida ta shiga maganarta ɗaya ce: "Don Allah ranar zaɓe ku sa ƙusa a kan shinkafa. Kada ku kula rogo, ni cikon benci ce." Sai dai ita ba ta iya faɗin magana a tsaye ta wuce ba. Za ta zauna a tabarma, ta karɓi jariri, ta taya ɓare gyaɗa. A nan ta ji yadda yara ke ɗora littattafai a ka su ratsa rafi zuwa makaranta, da yadda wata mai naƙuda ta haihu a bakin ruwa don an rasa yadda za a ƙetare da ita. Ta yi kuka tare da su. Ta kawo wa mijinta maganar, ya ce, "Bayan zaɓe, Dik." Pakde kuwa cewa ya yi gada ba ta jefa ƙuri'a.

Ranar zaɓe aka ɗora su a kan dandamali a zauren ƙauye tun da hantsi, kujera kusa da kujera. An ɗaura damin shinkafa a bayan Gunarto, an jingina itacen rogo a bayan Warsini, kafin azahar ganyensa ya yi yaushi. Kowane mai zaɓe sai ya wuce ta gabansu ya ɗan rusuna, sannan ya shiga bayan labule ya huda takardarsa da ƙusa. Duk wanda ya dubi Warsini sai ya yi saurin kawar da kai, ita kuwa ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Aka zo ƙirga. Malamin zaɓe yana ɗaga kowace takarda sama ya ga inda haske ya ɓullo.

"Shinkafa!"

Zaure ya ɗauki tafi, masu ganga suka buga.

"Shinkafa! ... Rogo!"

Aka fashe da dariya. Gunarto ya sunkuyo ya raɗa mata, "Kin gani? Kin samu ɗaya." Ta yi ajiyar zuciya.

"Rogo!"

Aka sake dariya, amma ba kamar ta farko ba.

"Rogo! ... Rogo! ... Shinkafa! ... Rogo!"

Masu ganga suka sauke sanduna. Pakde Sarmidi ya miƙe tsaye, sigari yana cin yatsansa bai sani ba. Duk sanda malamin zaɓen nan ya ce "Rogo" sai Warsini ta ji kamar mari. A zuciyarta roƙo take, ya Allah shinkafa, ya Allah shinkafa! Ba a taɓa ganin ɗan takara yana addu'ar faɗuwa da gaske irin wannan ba.

Da aka ɗaga takarda ta ƙarshe, zauren ya yi tsit, har ana jin kukan awakin da aka ɗaure don walima. Rogo ya ci, kuma da rata mai faɗi.

"Mas..." in ji Warsini.

Gunarto bai dube ta ba. Ya sauka daga dandamali ya ratsa jama'a ya fita.

A gida, tukwanen walima na jere ba mai buɗewa. Bu Darmi ta tare ta a bakin ƙofa.

"Munafuka! Macijiya! Ashe da na tura ki ƙetaren rafi kanki kika je sayarwa!"

"Wallahi Ibu, shinkafa na ce su huda! A tambaye su!"

"Rufe mini baki! Kujerar mijina a hannun 'yar ƙodago? Ki saurara da kyau. Gobe ki je ofishin gunduma ki ce kin janye, ko kuwa ki kwashe kayanki ki koma gidan ubanki. Ɗana ba zai zauna ƙarƙashin mace ana nuna shi da baki a kasuwa ba!"

Warsini ta durƙusa gaban mijinta, hawaye shaɓe-shaɓe. "Mas, kai ma ka yarda na ci amanarka?"

"Ban san abin da zan yarda da shi ba," ya ce, ya ture kwanon abincin da ta ajiye masa. Wannan turewar ta fi mata zagin uwarsa ciwo. Kujera ba ta dame ta ba ko kaɗan, mijinta take so ya dube ta kamar jiya.

Da safe ta ce ta amince za ta janye. Gunarto ya ɗauke ta a babur, Bu Darmi da Pakde suka biyo su a mota don kada a sake yi musu ba-zata. Amma da suka iso kwanar rafi, inda guntayen tsohuwar gada suke, sai suka tarar hanya a toshe. Matan ƙetare ne, zannuwansu jiƙe har gwiwa, kowacce riƙe da itacen rogo. A gabansu wata tsohuwa ce mai suna Mbah Tumirah, wadda ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen, har da Gunarto.

"Ina za ka kai mana dagacinmu?" ta tambaya.

Bu Darmi ta fito daga mota a fusace. "Ku gaya wa duniya abin da ta ba ku!"

"Ta ba mu ciwon kai," in ji tsohuwar. "Shinkafa, shinkafa, shinkafa, har muka gaji da ji. Ko sau ɗaya yarinyar nan ba ta roƙi ƙuri'a don kanta ba. Kai Gunarto, da hannuna na yanke cibiyarka, amma tunda aka fara kamfen hotonka kawai na gani, shi ma ruwa ne ya kawo shi. Ita kuwa ta zauna a tabarmata."

Gunarto ya kashe babur. Ya dubi uwarsa ya ce, "Ibu, in dai huda rogo cin amana ne, to da ni za ki fara. Ni ma rogo na huda."

Warsini ta zabura. "Mas!"

"Na ga kin zauna kamar marainiya, Dik. Na ce ai ni na riga na ci, bari na ba ki tawa kada ki tashi ba ko ɗaya. Da na ji rogon farko, na ɗauka tawa ce."

"Kai ma?!"

Bu Darmi ce ta faɗa, da ƙarfi, kafin ta yi saurin toshe bakinta da gefen mayafi. Amma magana ta riga ta fita. Kowa ya juyo ya zuba mata ido.

"Darmi!" in ji Pakde. "Me kike nufi da kai ma?"

"To... to surukar gidana ce!" ta ce tana in-ina. "A ce matar ɗana ta tashi da sifiri a gaban gari? A yi wa gidana dariya? Ɗaya tak na ba ta, don mutunci!"

Direban motar ya leƙo ta taga a hankali. "Gaskiya ni ma tausayi ta ba ni, Pakde. Da ni da matata."

Pakde Sarmidi ya ɗora hannu biyu a ka. "La'ilaha illallahu! Wato duk gidan nan ni kaɗai na huda shinkafa?"

"Da ni, Pakde," in ji Warsini a hankali.

Nan dariyar da ta fara tashi ta mutu. Gunarto ya juyo ya dubi matarsa, karo na farko tun jiya. Shi da uwarsa sun jefa ƙuri'a da wasa sun dawo suna tuhumarta, ita kuwa da aka kira macijiya, ita ce ta zaɓe shi tsakani da Allah. Kunya ta rufe shi, idanunsa suka kawo ruwa.

"Ku naku tausayi ne," in ji Mbah Tumirah. "Mu kuwa da idonmu biyu muka huda, kuma mun fi ku yawa. Kada wanda ya mayar mana da ƙuri'a sadaka."

Gunarto ya je gaban uwarsa ya rusuna ya sumbaci hannunta. "Ibu, ki gafarce ni, yau zan saɓa miki karo na biyu, kuma a kan mutum ɗaya. Ba za ta janye ba, ba kuma za ta bar gidana ba." Ya dawo wurin Warsini. "Ki yafe mini, Dik. Kin kawo mini maganar gadar nan na ce sai bayan zaɓe. To ga bayan zaɓen ya zo."

"Ina tsoro, Mas. Ban iya komai ba."

"Kin iya zama a tabarma. Sauran ma koya tare."

Ta kifa kanta a bayansa ta fashe da kuka, matan ƙetare suka ɗaga rogo sama suna guɗa. Bu Darmi ta koma mota. Sai da aka kwana biyu tana kumbure-kumbure, sannan wata safiya ta shigo kicin, wannan karon da sallama, ta ajiye wa Warsini zanin batik mai zane-zanen ado da ita ta ɗaura ranar rantsar da marigayi mijinta. "Ki ɗaura wannan," ta ce. "Kada ki je ki ba mu kunya."

Kafin damina ta zagayo an kafa gadar siminti a kwanar rafi, kuma Gunarto yana cikin masu ɗaukar duwatsu. Samari suna tsokanarsa da "mijin dagaci", shi kuwa ya ce su je su auro tasu in suna ganin sauƙi ne. Bu Darmi kuwa, in ka ji ta a kasuwa sai ka riƙe baki: "Ai ni na fara gano yarinyar nan. Ni da hannuna na huda mata!"

Masu karatu, ƙuri'a ba abin wasa ba ce, ba kuma kyautar tausayi ba ce, amana ce da za ta dawo ta same ka har cikin gida. Wanda yake son mutane su zaɓe shi, ya taka ya je inda suke. Kuma kafin ka kira masoyinka maci amana, ka fara tuna abin da hannunka ya yi a bayan labule. Warsini ta yi haƙuri ta riƙe gaskiyarta, ta yarda ta rasa kujera don ta tsira da mijinta, sai Allah ya bar mata duka biyun.