Bakwai a Rijiyar Lawali

Da almuru Manzo ya ce wa matarsa Tabawa zai je neman tunkiya. Ƙarya yake, ba tunkiyar da ta ɓata.

Bazara ce, shekara biyu bayan tafiyar Faransawa. Rijiyar Manzo a Ollelewa ta ƙafe ƙaf, ta ƙanensa Lawali kuwa tana tumbatsa. Buzaye har daga Belbeji suke kawo raƙuma, kowa Lawali, Lawali. Yaron da Manzo ya goya! Abin na cin sa kamar gara.

Kowa ya san mahaifinsu Tanko ya binne laya a bakin rijiyar Lawali. An kuma gaya wa Manzo, in ka karanta rubutun laya daga ƙarshe zuwa farko, aikinta ya warware. To, su rasa gaba ɗaya mana!

Da ya isa rijiyar, ba kowa a wurin, sai warin kashin raƙuma da jiƙaƙƙiyar igiya. Ya tona ƙarƙashin dutse, ya ciro layar, ya farke fatar. Layi ɗaya ne na lambobi. Ya ɗora yatsa a ta ƙarshe.

"Uku."

"Uku," aka ce daga cikin rijiya.

Amsa-kuwwa ce, in ji shi a ransa.

"Tara."

Wannan karon tare suka faɗa. Igiyar guga ta motsa, ba iska.

Ya duba da kyau. Uku, tara, biyar, bakwai, biyar, tara, uku. Ta ko'ina ka faro, abu ɗaya ne.

"Ci gaba, ɗan Tanko," aka raɗa, yanzu dab da bakin rijiyar. "Kai daga can, ni daga nan. Mu gamu a tsakiya."

Harshensa ya kuɓuce masa. "Biyar."

Wasu jiƙaƙƙun yatsu suka dafa dutsen.

Saura ɗaya.

Leɓɓansa suka haɗu da kansu, za su ce bakwai. Manzo ya gartsa wa harshensa cizo har jini, ya yar da layar, ya zura da gudu. Ƙaya ta tsinke masa takalmi, bai waiwaya ba.

Rijiyar Lawali ba ta ragu da ko guga ɗaya ba. Can Tabawa take ɗebo musu ruwa yanzu, Manzo yana sha yana ƙunci.

Kullum da yamma in yana ƙirga tumaki, daga shida sai ya tsallaka zuwa takwas. Yara suna dariya. Shi ba ya yi, don a ɗan shirun nan yana jin numfashin mai jira.