Ranar da Hajiya Ɗaso Ta Zauna a Waje

Tun da aka rushe musu tsohon gidansu na kan dutsen Nakkasa suka dawo unguwar Ka'akiyya a birnin Makka, Hajiya Ɗaso ta kafa doka: kowace Juma'a 'ya'yanta da jikokinta su hallara a ci shinkafa a faranti ɗaya. A wannan Juma'ar ma haka aka yi. An ci an ƙoshi, yara sun fita wasa a matakalar bene, Maijidda matar autanta Talal ta kwashe kwanuka ta shige kicin.

"Auta, zo ka zauna nan," in ji Hajiya.

"Na'am, Ummi."

"Shekara shida ke nan da aurenku. An auna ka, an ce lafiyarka ƙalau. Ita ma ni da ƙafata na kai ta wurin likita, ba sau ɗaya ba, aka ce garau take. To idan miji lafiya, mata lafiya, kuma babu haihuwa, me ya rage? Jininku ne bai haɗu ba. Haka aka yi da ƙanwata da aka aurar a Sakkwato. Da suka rabu da mijinta, shi ya haifa, ita ma ta haifa."

"Ummi, don Allah, kalas! Ki bar wannan magana."

"Ba zan bari ba! Kana tsammanin ƙin ta nake yi? Yarinyar da ke shafa mini man zaitun a gwiwa kullum? Don ina son ta ne na ce ka sauwaƙe mata tun da sauran ƙuruciyarta. Ka riƙe ta har ta tsufa ba ta goya nata ba, wannan ne so? Bayan aikin Hajji ina so in ji ka yanke hukunci."

A kicin famfo yana ta zuba a banza. Maijidda ta ji komai. Ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta danne mararta da shi, domin ciwon nan da ya saba zuwar mata ya motsa tun safe.

Talal da Maijidda ba haɗa su aka yi ba, su suka ga juna. Mahaifiyar Maijidda tana sayar da masa a unguwar Mansur, shi kuma Talal yana tuƙa motar alhazai. Haifaffen Makka ne, jikan mutanen da suka zo Hajji daga Sakkwato ba su koma ba, Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci. Ranar farko ya ce a ba shi masa "talata", wato uku da Larabci, Maijidda ta yi dariya har ta ɓoye fuska a mayafi. Ya dawo washegari, ya dawo jibi, har mahaifiyarta ta ce masa idan masa yake so ga ta, idan kuma mai miƙo masar yake so ya turo magabatansa. Tun ranar ɗaurin aure abokansa suke kiran sa Abu Hashim, bisa al'adar garin ta laƙaba wa ango sunan ɗan da ake sa ran zai haifa ya yi wa mahaifinsa takwara. Da farko sunan yana sa su murmushi. Yanzu duk wanda ya kira shi da shi a gabanta, sai ta ji kamar an soka mata allura.

Zuwa asibitin da Hajiya take magana a kai kuwa, ga yadda ya kasance. A ganin Hajiya, ba a barin matar ɗa ta je gaban likita ita kaɗai kamar marar dangi, don haka duk zuwa tana zaune kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa. Likitar ta tambaya, idonta a kan kwamfuta, "Al'adarki daidai take? Akwai ciwo?"

Maijidda ta dubi ƙafafun surukarta. Ta yaya 'yar Hausa za ta buɗe baki ta siffanta jinin da ke zubar mata, da abin da take ji a shimfiɗar aure, a gaban matar da ta haifi mijinta? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Alhamdulillahi."

Likitar ta yi dariya. "Na sani! Ku mutanen Afirka ai haihuwa a jininku take. Ni ban taɓa ganin irinku ta rasa ɗa ba. Ki je ki kwantar da hankalinki, ki yi sabur, haƙuri kawai."

Ba ta taɓa cikinta ba. Ba ta sa an yi mata hoto ba. Da suka koma bayan shekara, abin da ta maimaita ke nan. Hajiya kuwa ta ɗauki maganar yabo ce, ta riƙa faɗin ta a gidajen suna tana alfahari: "Likita ma ta shaida mana, mu ba a san mu da juya ba." Ba ta lura cewa da wannan yabon aka rufe wa surukarta ƙofar magani ba.

Bayan magariba, da suka sauko ɗakinsu na hawan ƙasa, Maijidda ta zauna a bakin gado ba ta ko cire abaya ba.

"Ka bi maganar Hajiya," ta ce. "Ba na so ka saɓa mata saboda ni."

"Majnuna ce ke? In sake ki in auri wa? Wa zai riƙa yi wa Hausata dariya?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma haka." Ya durƙusa a gabanta. "Wallahi ko mu biyu kaɗai za mu tsufa a ɗakin nan, na yarda. Abin da ban gane ba shi ne, ta yaya za a ce lafiyarki ƙalau? Ni fa nake ganin ki duk wata kina murƙususu, kina jiri har ki kasa tsayuwar salla. Me likitar ta ce a kan wannan?"

Maijidda ta kau da kai.

"Maijidda. Kin gaya mata?"

"A gaban Hajiya?" Hawaye suka ɓalle mata. "Da wane bakin?"

Talal ya dafe kai. Shekarun nan duka yana zaton an faɗa, an duba, an ce ba komai. Shi ma bai taɓa shiga ɗakin likitar ba, yana waje a mota, wai harkar mata ce. Ya ce, "Laifin har da ni. Zan gaya wa Ummi."

"Kada ka yi! In mutu don kunya?"

Kafin ya sami hanyar faɗa, sai ga maganar ta zo da kanta. Bayan kwana kaɗan Rawan, maƙwabciyarsu ta hawan sama, ta shigo wurin Hajiya ɗauke da farantin dabino da alewa, fuskarta tana sheƙi, ta tarar da ita tare da Maijidda. Balarabiya ce fara, ƙawar Maijidda, aurenta bai kai shekara biyu ba.

"Ya Khala, ki yi mini addu'a, ciki ya samu!"

"Masha Allah! Allah ya raba lafiya, 'yata."

"Amin. Likitar nan taku fa ta iya aiki. Ranar farko da na je, ban ma gama bayani ba ta ce mijina da mamata su fita, ta yi mini tambayoyi har na gaji, ta sa aka yi mini hoton mahaifa a take. Ɗan ƙari aka gani ƙarami, aka cire. Ke Maijidda, me hotonki ya nuna? Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Ba a yi mini hoto ba."

"Kamar yaya? Shekara nawa kina zuwa?"

Hajiya ta ajiye dabinon da ta ɗauka.

"Rawan, likitar da ke hawa na biyu? Mai tabarau?"

"Ita fa."

"Ranar farko?"

"Ranar farko, Khala. Ta ce ba a wasa da lokacin mace."

Hajiya Ɗaso a Makka aka haife ta, a Makka ta yi furfura. Ta san yadda mai kanti yake tsallake ta ya saurari wadda ta zo bayanta. Ta san yadda ake tambayar ta gidan wa take aiki, alhali da katin ɗan ƙasa a jakarta. Duk wannan ta iya gane shi daga nesa. Amma wulaƙancin da aka naɗe a cikin yabo, shi ne ya shige ta har ta ɗauke shi da bakinta ta yaɗa.

Da Rawan ta fita, Talal wanda ya ji komai daga bakin ƙofa ya shigo ya zauna a ƙasa. Maijidda ta gudu kicin. A nan ya gaya wa mahaifiyarsa sauran, kansa a sunkuye, rabi da Hausa rabi da Larabci: ciwon, jinin, jirin, da dalilin da ya sa ba a taɓa faɗa ba.

"Ni ce?" in ji Hajiya a hankali. "Zamana a wurin ne ya ɗaure mata baki?"

"Kunyarki take ji, Ummi."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna rawa.

A makon da ya biyo suka tafi wani asibiti su uku, wurin wata ƙwararriya mai suna Dakta Arwa. Da aka kira sunan Maijidda, Hajiya ta miƙe kamar yadda ta saba, ta raka ta har bakin ƙofa. A nan ta tsaya. Ta kama hannun surukarta da hannu biyu.

"Ki shiga da mijinki. Ki faɗi komai, kin ji ko? Komai! Idan kika ce mata alhamdulillahi kika yi shiru, ban yafe ba. Allah ya san kina gode masa, likita ciwo take so ta ji. Ni ina nan waje."

Ta jawo kujerar roba ta zauna, ta fito da carbinta.

Maijidda ta faɗi komai. A ranar aka yi hoton. Dakta Arwa ta juyo musu da fuskar na'urar ta nuna musu ƙari manya a jikin mahaifa, har sun danne hanyar da ƙwai yake bi.

"Wannan ya daɗe," ta ce. "Kuma ya fi yawa ga mata baƙar fata, ya fi saurin girma a jikinsu. Ke ce ya kamata a fara dubawa, ba a ce ki je ki jira ba. Ba zan ɓoye muku ba, da an gani tun farko da aikin ya fi sauƙi. Yanzu sai tiyata, bayan nan wataƙila sai an haɗa ƙwanki da na mijinki a dasa miki. Babu tabbas, amma akwai hanya."

Da aka gaya wa Hajiya, ta ce a biya da ita tsohon asibitin kafin a koma gida. Ta hau hawa na biyu da ciwon gwiwarta, ta tsaya a ƙofar mai tabarau, ta yi magana da Larabcin da aka haife ta a cikinsa.

"Na zo in mayar miki da yabonki. Kin ce irinmu ba ma rasa haihuwa. 'Yata ba iri ba ce, mutum ce, kuma ba ta da lafiya. Kin dubi fatarta, ba ki dubi cikinta ba. Shekarun da kika cinye mata, Allah yana gani."

Likitar ta fara cewa ai marar lafiyar ce ba ta yi ƙorafi ba. Hajiya ta ce, "Rawan ma ba ta gama nata ba kika duba ta," ta juya ta fita.

Aikin Hajji ya zo ya wuce, babu wanda ya sake ambatar saki. Aka yi tiyata, Hajiya ta tare a ɗakin Maijidda, ita ke dama mata kunu, ita ke taimaka mata ta miƙe. Dashen farko bai kama ba. Ranar da aka faɗa musu, Maijidda ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta ce wa Talal ya ga dai ko yanzu ma ba ta da amfani.

Hajiya ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Kul! Kada in sake jin wannan. Ko an dace ko ba a dace ba, nan gidanki ne. Ni na ce a rabu, ni kuma na janye."

Talal ya share wa matarsa hawaye da gefen hannun rigarsa. "Kin ji dai. Hukuma ta yi magana."

Ta yi dariya cikin kuka.

Dashe na biyu ya kama. Cikin ya zo da wahala, ta yi watanni a kwance, aka ciro jaririyar da tiyata kafin lokacinta. Mace ce, 'yar ƙarama, mai ƙarfin kuka. Suka sa mata Kausar. Da abokan Talal suka zo barka suna tsokanar sa, "Ya Abu Hashim, ina Hashim ɗin?" sai ya ɗaga ta sama ya ce daga yau duk wanda bai kira shi Abu Kausar ba, ba zai amsa ba.

Haƙurin Maijidda ya yi mata rana, domin ta riƙe mijinta, ta riƙe girman surukarta, ba ta taɓa mayar da baƙar magana ba. Amma kada wata ta karanta labarinta ta ɗauka shirunta ne ya ba ta Kausar. Shirun ne ya kusa raba ta da aurenta da mahaifarta baki ɗaya. Kunya adon mace ce a gaban suruka, ba a gaban likita ba. Shi kuma likitan da ya yanke wa mace hukunci da launin fatarta kafin ya duba jikinta ya zalunce ta, ko da da murmushi ya yi, ko da ya kira abin yabo. Akwai irin Maijidda da yawa waɗanda aka ce su je su jira, suka jira har lokaci ya wuce, kuma babu Kausar a ƙarshen labarinsu.

Har yau matan Mansur sukan aiko wa Hajiya Ɗaso da surukansu ta kai su asibiti. Takan raka kowacce har bakin ƙofa, ta kama hannunta ta ce, "Ki faɗi komai, kuma kada ki fito sai an yi miki hoto." Daga nan ta jawo kujerar roba ta zauna a waje.