Tumakin Auduga

Ranar da Chundung ta fara ganin Kambai, hannuwanta duk gam ne da ƙyalƙyali.

Watan Disamba ne na 2009, a wani gidan renon yara da ke Takoma Park, can ƙasar waje. Iyaye duk sun kwashe 'ya'yansu, saura Pauline, 'yar shekara huɗu mai shiru-shiru. Suna zaune su biyu suna manna auduga a jikin kwalin da aka yanka siffar tunkiya, wadda za a sa wa zare a rataye a bishiyar Kirsimeti. Garin miƙa hannu, Pauline ta tuntsurar da kwalbar gam a cinyar malamarta.

"Wayyo, yarinyar nan kin gama da ni!" in ji Chundung da Hausa. Ta saba magana ita kaɗai, tunda ba mai jin yaren a wurin.

"A yi mata haƙuri, Malama. Halin ubanta ta ɗauko."

Ta waiwaya a firgice. Wani dogon mutum ne tsaye a bakin ƙofa, kayan aikin asibiti a ƙarƙashin rigar sanyinsa, gajiya fal idonsa, amma yana murmushi.

"Kai ɗan ina ne?" ta tambaya, har ta manta da gaisuwa.

"Zonkwa. Ke fa?"

"Bukuru."

"Ashe maƙwabta ne. Sunana Kambai."

Da suka tafi, ta daɗe zaune a kan 'yar kujerar yara. Rabon da wani ya yi mata Hausa ido da ido, tun saukarta ƙasar.

A wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa take haya. Da rana reno, da yamma makarantar koyon aikin jinya. 'Yar tagar ɗakin a sama take, ba abin da ake hangowa sai ƙafafun masu wucewa. Irin wannan lokaci a Bukuru, gidansu ya cika da ƙanshin cincin, ana ta sintiri wurin tela. A nan kuwa, kayan adon da take yi da yara ne kaɗai Kirsimetinta.

Don haka take zuba musu zuciyarta. Ta kwaɓa fulawa da gishiri su yanka taurari, ta gasa, su shafa fenti. Ta yayyanka wani tsohon zanenta na atamfa suka naɗe ƙwallaye da shi. Pauline, da ba ta kula kowa, ta koma bin ta kamar jela.

Kambai ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani asibiti a Largo, kullum a makare yake zuwa. Da can lattin iyaye na ba ta haushi. Yanzu kuwa sai ta riƙa duban ƙofa. In ya zo yakan cire rigar sanyi ya duƙa a teburin, wai zai taya su. Tunkiyar da ya yi, Pauline ta ce kare ne.

Ya karɓi lambarta saboda yarinya, a cewarsa. Saƙon farko da ya turo shi ne:

"Malama, an rataye karena a bayan bishiya inda ba mai gani. Ina neman adalci."

Ta yi dariya har matar da ta ba ta haya ta leƙo. Ta amsa:

"Ka dawo aji gobe, Baban Pauline. Amma ba na karɓar ɗalibi mai latti."

Ana saura 'yan kwanaki a tashi hutu, ta ce kowane yaro ya kawo hoton wanda yake so, a yi masa gida da sandunan askirim. Pauline ta kawo hoton wata kyakkyawar mace mai wushirya.

"Wace ce wannan?"

"Mamata," in ji yarinyar da Turanci.

"Tana ina?"

"Najeriya."

Chundung ta ƙura wa hoton ido. Ta sha jin labarin mazan da ke barin mata a gida, su zo nan su ce su gwauraye ne. Ta taya yarinyar manna hoton, ta yi masa ado fiye da na kowa, sannan ta shiga bayi ta wanke fuska.

Daga ranar, da ta ji muryarsa sai ta shige ɗakin ajiya, abokiyar aikinta ta miƙa masa yarinya. Sai ya turo saƙo:

"Malama, lafiya kuwa? Ko na yi laifi ne?"

Ranar Kirsimeti ya sake turo wani:

"Mun dafa shinkafa da kaza. Pauline ta ajiye miki kujera kusa da ita. Barka da Kirsimeti."

Ta karanta, ta kife wayar. Dusar ƙanƙara ta rufe tagar ruf. Ta kira gida, tana jiyo hayaniyar 'yan'uwa da ƙarar cokula a bayan muryar Mama, har katin ya ƙare. Ta ci abincinta a tsaye.

Da aka dawo hutu, a bakin ƙofa ya tare ta.

"Chundung, ko kisa za a yi wa mutum, ai a gaya masa laifinsa."

"Ka gaida matarka," ta ce, idonta a ƙasa. "Na ga hotonta."

Sai da ta ɗago ido sannan ya ce:

"Ta rasu Pauline na da shekara biyu. A Zonkwa muka binne ta. Duk lokacin da yarinyar ta tambaya, sai in ce tana Najeriya. Ban san yadda ake gaya wa ƙaramin yaro sauran ba."

Kunya da tausayi suka rufe ta. "Ka yafe mini."

"Na yafe. Amma kujerar nan tana nan, ta hana kowa zama."

Daga nan soyayya ta kafu. Yana kiranta Malamata, ita kuma ta ce masa Mai Latti. Su biyu suka zaunar da Pauline wata Lahadi bayan coci, suka gaya mata gaskiyar inda mamarta take. Yarinyar ta yi kuka a ƙirjin Chundung har barci ya ɗauke ta.

Da ta kai wa Mama zancen ta waya, sai murya ta canza.

"Mai 'ya? Kuma ba ɗan yarenmu ba? Chundung, wadda ta mutu ba ta laifi. Duk abin da kika yi, za a ce da ita ce da ta fi ki. Ga Dalyop nan kusa da ke a Clinton, yana da kantin magani, uwarsa ƙawata ce tun muna 'yan mata."

Dalyop ba shi da aibu. Sau ɗaya ya kai ta cin abinci, rabin hirar da wayarsa ya yi. Amma tun rasuwar Baba, Mama ce ta yi musu komai, Chundung ba ta iya take maganarta ba. Ta gaya wa Kambai.

"Zan jira, Malamata," ya rubuto. "Ba zan raba ki da uwa ba. Na ga yadda rashinta yake."

Jiran ya yi tsawo. Suna gaisawa a coci, ya sauke ta a ƙofar gida, ta sauka ɗakinta ita kaɗai.

A Disambar 2011 Mama ta zo bikin kammala karatun 'yarta. Bayan biki Chundung ta koma aiki, tsohuwa ta zauna a ɗakin nan daga safe har yamma. Ba mai sallama, ba maƙwabciyar da za ta leƙo neman gishiri. Dalyop ya zo sau ɗaya ya gaishe ta a tsaitsaye.

Ranar hutunsa, Kambai ya ƙwanƙwasa ƙofa, riƙe da kular gwate, Pauline na bayansa da jakar takardu da almakashi. Ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, barka da hutawa. Na ce kada sanyi ya same ki ke kaɗai."

Ta amsa a daƙile. Pauline kuwa ba ruwanta, ta baje kayanta a ƙasa, ta miƙa wa tsohuwa almakashi. Wannan ba Turanci, waccan ba Hausa sai tsinta-tsinta, amma da nuni suka ninke takarda suka yanka mala'iku. Mama ta ga na yarinyar ba su da riga, ta jawo allura da ƙyalle ta ɗinka musu.

Suka dawo washegari, suka kuma dawowa.

Wata yamma Chundung ta shigo ta tarar an ja zare daga bango zuwa bango, mala'iku na lilo, Pauline na barci a cinyar Mama.

"Zauna," in ji Mama a hankali. "Haka kika yi ta zama a ramin nan ke kaɗai?"

"Na saba, Mama."

"Ƙarya kike. Ni 'yan kwanaki na yi, na kusa fara hira da bango." Ta shafa kan yarinyar. "Na yi ta jin tsoron wadda ta mutu, na manta da mai rai. Ki ce masa ya turo mutanensa Bukuru."

Chundung ta ɗauki waya ta rubuta:

"Mai Latti, Mama ta ce ka turo. Wannan karon kada ka makara."

"Malamata, ina cikin ɗakin gwaji ina kuka, Bature na tambayata ko lafiya."

Iyayensa suka je Bukuru aka yi abin al'ada. A watan Mayu aka ɗaura aure a wata ƙaramar coci a Largo. Abokan aikinsa na Kano da na Nijar suka cika teburi guda a wurin liyafa, har Dalyop ya zo ya yi musu murna.

Da aka miƙa wa Mama makirfo, ta ce su durƙusa. Ta ɗora hannu a kan ango da amarya, sai ta tsaya tana waige-waige.

"Ina jikata? Ai ba su cika ba."

Pauline ta rugo ta kutsa tsakaninsu.

"Allah ya sa albarka a gidan nan," in ji Mama. "Ya ba ku haƙuri da juna, ya ƙaro mata ƙanne. Ƙofarku kada ta rasa mai sallama."

Jama'a suka amsa da amin. Ta Pauline ce ta zo a ƙarshe, da ƙarfi, ita kaɗai, har ɗakin ya fashe da dariya. Chundung na dariya tana hawaye, hannunta ɗaya a na mijinta, ɗayan a na 'yarta.