Ƙosai Ukun Farko

"Ina sunana, Valdir?"

Jandira ta ɗaga takardun labarin fim ɗin saitin fuskarsa. A shafin farko, inda ya kamata a ga sunanta, an rubuta Leticia Amaral.

"Baƙata, tsaya ki ji..."

"Kar ka ƙara ce min baƙarka! Shekara uku ina rubuta shi a bayan kaskon uwata, hayaƙin manja na cin idona. Ina sunana?"

Valdir ya sunkuyar da kai. Shi ne daraktan, kuma zoben baikonsa ne a yatsanta. Ya ce kamfanin São Paulo ne ya dage, wai ba wanda ya san ta. Su suka turo Leticia ta gyara labarin. Jandira kuma za a sa ta can ƙarshe, cikin waɗanda ake yi wa godiya.

"Godiya!" Ta yi wata dariya mai ciwo. "A nan Salvador duk inda ka juya mu ne baƙaƙen fata, amma a talabijin sai dai a gan mu da tsintsiya. Na rubuta baƙar mace mai cin gashin kanta, shi ne ni za a miƙa wa tsintsiyar?"

"Haƙuri kaɗan, masoyiya. In wannan ya karɓu..."

"Haƙurin nan shi ya tsofar da iyayenmu!"

Ta zare zoben ta dire masa kan takardun.

A gida, mahaifiyarta Dona Zefa na surfen wake. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ai na faɗa miki. Mutumin da sana'arsa sa mutane kukan ƙarya, me zai hana ya sa ki na gaskiya?"

"Mainha, gobe kar ki je musu."

Dama an ɗauki Dona Zefa da ƙawayenta masu tuyar ƙosai su fito a fim ɗin.

"Zan je, na riga na yi alkawari. Ke ma za ki ɗaukar min kasko."

Washegari da hantsi dandalin Rio Vermelho ya cika. Mata goma sha biyu cikin fararen kaya, kowa a gaban kaskonta. Jandira ta raɓe gefe, ta ƙi kallon inda Valdir yake.

Aka fara ɗauka. Jarumar fim ɗin ta tsamo ƙosan farko daga manja, ta miƙa wa saurayinta tana murmushi.

"Ke 'yar nan, ajiye shi!"

Muryar Dona Zefa ce. Kafin a ankara, sauran matan sun fara kashe wuta suna naɗe kayansu.

A nan jihar Bahia ba mai tuyar da ke bai wa mutum ƙosan farko. Ƙanana uku ake fara soyawa a ajiye a bakin hanya, rabon iskoki masu buɗe hanya ne. Haka Jandira ta rubuta. Leticia ce ta soke shi, wai ɓata lokaci ne.

Leticia ta taho tana ƙwas-ƙwas da takalmi. "Haba Dona, ƙosai ne fa kawai!"

"Ke kika rubuta labarin nan?"

"Ni ce."

"To madalla, 'yata. Na farkon na waye?"

Leticia ta shiga jujjuya takardun hannunta.

"Na biyun fa? Ko a can garinku daga na huɗu kuke fara ƙirga?"

Matan suka kwashe da shewa. Dona Zefa ta nuna Jandira da ludayi.

"Ga wadda ta sani can. Tun tana shekara shida take kai su bakin hanya."

Valdir ya daɗe yana kallon Jandira. Sannan ya ciro waya ya kira kamfanin, ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Labarin nan na Jandira dos Santos ne. Ko ku mayar da sunanta da abin da ta rubuta, ko ku nemi wani daraktan."

Aka ce masa ya kashe sana'arsa da hannunsa.

"Na ji," ya ce, ya katse.

Kwana tara kamfanin na neman wasu masu tuyar. Duk faɗin garin ba mace ɗaya da ta yarda ta hura musu wuta. Rana ta goma kamfanin ya sauko.

Da la'asar ɗin ranar Valdir ya zo rumfar Dona Zefa. Jandira ce a gaban kasko. Ya ajiye sababbin takardu, sunanta ɓaro-ɓaro a sama, zoben a kai.

"Na ji tsoro ne, Jandira. Ba ni da wata hujja."

"Ɗan fim, matsa, ka tare min ciniki," in ji Dona Zefa, amma da ƙafa ta turo masa kujera.

Jandira ta zuba ƙullu a manja. Ta tsamo ƙanana uku, ta kai bakin hanya, ta dawo. Valdir bai miƙa hannu ba, yana zaune yana jira.

Sai da ta karanta sunanta sau biyu, sannan ta tsamo na huɗun ta ɗora masa a tafin hannu.

"Wayyo! Da zafi!"

"Riƙe shi haka," ta ce, tana mayar da zoben yatsanta. "Ni shekara uku na riƙe."