Gadon Da Baba Ya Haɗa

Ranar da Zulaihat ta fara ganin Abdulfattah, abincin rana ta kai wa babanta, Malam Haladu, a shagonsa na walda da ke bakin kasuwar Haɗejiya. Ta tarar da wani dogon saurayi tsugune gaban injin casar shinkafa, kwamfuta a cinyarsa, yana awon ƙarfe. Ya ɗago ya amsa sallamarta, ita kuwa ta rasa inda za ta ajiye kwanon.

Aikinsa zana mariƙi ne, abin da ke danne ƙarfe ya tsaya cak yayin da ake yanka ko walda. Shi ya zana a manhajar kwamfuta, maƙera su ƙera.

Kafin a girbe shinkafar fadama ya zama ɗan gida. Yana ce mata 'Yar Baba, tana ce masa Injiniya.

Ana cikin haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Malam Haladu. Ya tashi, amma hannun hagu bai tashi tare da shi ba. Aka rufe shago.

Da magabatan Abdulfattah suka zo neman aure, Malam Haladu ya ce ba yanzu ba. Suka sake dawowa, amsar ba ta canza ba.

"Inna, me ya yi wa Baba?" Zulaihat ta tambayi mahaifiyarta, Asabe, tana kuka.

"Bai yi masa komai ba. Yayyenki duk shi ya haɗa musu gadon aure da hannunsa. Ya ce muddin yana raye autarsa ba za ta kwanta a gadon kasuwa ba. Kuma kin ga hannun."

Ta rubuta wa Abdulfattah duk abin da Inna ta faɗa. Amsarsa ta zo: "To, na ji." Daga nan ya ɗauke ƙafa.

Shu'ibu, ɗan kawunta da ya daɗe yana sonta, shi ya kawo labari. "Injiniyan naki ai ya tare a garin Malam Madori. Kullum yana gidan wani maƙeri, kuma gidan cike yake da 'yan mata."

Ta daɗe tana kallon wayarta kafin ta tura: "Injiniya, in ka gaji da jira ba zan ga laifinka ba. Ka dai faɗa min da bakinka, kar in ji a gari."

Amsa ta shigo: "'Yar Baba, ki yafe min. Na ji tsoron sa miki ran abin da ba lallai ya yiwu ba. Mariƙi nake yi wa Baba, wanda ake takawa da ƙafa. Tsohuwar manhajar ba ta iya gwada motsin feda, duk wanda na ƙera sai ya suɓuce. Yanzu an sabunta ta, na ga inda kuskuren yake. Duba hoto."

A hoton yana tsaye gaban teburin ƙarfe, ya ɗaure hannunsa na hagu a jikinsa da tsumma, yana gwada walda da dama. Zulaihat ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Ranar da aka sauke mariƙin a tsakar gida, Malam Haladu ya kau da kai.

"Abin tausayi ka mayar da ni, yaro?"

Abdulfattah ya durƙusa. "Baba, wannan bai iya walda ba, riƙewa kawai ya sani. Hannun hagu na kawo maka aro. Aikin naka ne."

Tsohon ya juyo ya dubi mariƙin. Can ya ce, "Auta, ɗauko min gilashina na walda."

Ya taka feda, ƙarfe ya tsaya. Tartsatsi ya tashi. Inna ta juya ta shige ɗaki tana share ido da gefen mayafi.

A hankali ya yi aikin gadon, yau kaɗan gobe kaɗan, yana hutawa yana haki. Ranar da ya gama, ya dafa kan gadon ya ce wa Abdulfattah, "Ka ce magabatanka su zo. Na ba ka ita."

Bai ga bikin ba. Ruwa na janyewa daga fadama ciwon ya dawo, Allah ya karɓi abinsa.

Sai da Inna ta fita takaba aka ɗaura aure. Da aka kai amarya, jama'a suka watse, Zulaihat ta zauna a bakin gadon tana shafa wata walda da ta karkace a jikin ƙafar gadon, inda hannun Baba ya yi rawa.

"Mai fenti ya so ya goge wurin," in ji Abdulfattah. "Na hana."

Ta riƙe hannunsa ta ɗora a kan waldar. "Allah ya jiƙan Baba."

"Amin, 'Yar Baba. Allah ya ba mu zaman da zai ji daɗinsa ko a inda yake."

Allah ya yi musu albarka, ya haskaka kabarin Malam Haladu.