Faifan Da Ke Ɗauke Da Sunana

"Ina faifaina, Mahdi?"

Ko sallama ban yi ba na banka ƙofar ɗakin kwamfuta. Ya ɗago da murmushi, wai "Sanyin idona..." Na ce ya riƙe sanyinsa, ni wuta ce ke ci a ƙirjina.

Kamfaninmu da ke unguwar Congo-Russia dankalin Turawa yake aikawa garuruwa, ni ce mai tura motoci. Kwamfutar da ke riƙe mana imel babba ce a suna kawai, kwana biyar ta cika. Shi ya sa duk Juma'a Mahdi, mai kula da ita, yake kwashe wasiƙun kowa zuwa faifai mai sunansa, sannan ya goge akwatin. Mahdin nan kuwa da shi aka sa mana ranar aure bayan Babbar Sallah.

Ranar Laraba Salma 'yar Oga ta turo min imel in aika mota Kano. Na aika. Ashe mai sayen yana Anacha, dankali ya yi kwanaki a rana ya ruɓe. Yau Litinin ta rantse gaban ubanta ba ta rubuta min komai ba. Oga ya ba ni zuwa azahar, ko in kawo wasiƙar, ko in bar aikin.

Mahdi ya hau kame-kame. Da ƙyar ya faɗa: ranar Asabar Salma ta zo neman faifan da za a zuba mata hotunan bikin ƙawarta, sababbi sun ƙare, sai ya goge nawa ya zuba. Ko karɓa ba ta dawo yi ba.

"Duk faya-fayan da ke durowar nan, nawa ka zaɓa?"

"Ita ta nuna shi... Na ga ke ta gida ce, ba za ki damu ba."

Ta gida! Salmar da mahaifiyarsa ta shekara tana yi masa tallarta don ya rabu da ni, ita ce bai iya ce wa a'a ba.

Na ce ya tashi mu je ya faɗa wa Oga. Ya ce in aka kore mu duka, wa zai riƙe gidan? Sannan ya sassauta murya.

"Haƙuri za ki yi, Fiddausi. Ke da ma bayan aure ai zama za ki yi..."

Raina ya gama ɓaci. Shekara huɗu ina tura motoci ko buhu bai taɓa ɓata ba, amma a wurinsa zubar min da suna ba komai ba ne.

Na fizge faifan na nufi ofishin Oga, na sa masa a kwamfuta. Ya dubi sunana da aka rubuta a jikinsa, ya dubi hotunan 'yarsa tana ta fari cikin ashobi. Ya sa aka kira su. Salma ta fashe da kuka tun kafin a tambaye ta, Mahdi ya sunkuyar da kai. Oga ya ce in koma kujerata, Mahdi kuma ya ajiye makullan ɗakin kwamfuta.

A bakin matakala ya tare ni, idonsa jajur.

"Kin kashe min aiki, Fiddausi."

"Ka gaya wa iyayenka su aiko a karɓi kayansu."

Ina son sa, wallahi har lokacin ina son sa, kuma shi ya fi ƙona min rai. Na zauna a kujerata na yi kukan da zan yi, na share fuskata da gefen mayafi, sannan na kira direban motar Zariya na ce ya tashi.