Layar da ke Saman Ƙofa

Hadiyya tana tsintar wake a tsakar gida, mijinta Kalilu na zaune a kan turmi yana riƙe mata faifai. Lahadi ce, ranar kasuwar Mai'aduwa, kuma Kalilu dillalin shanu ne da bai taɓa wuni a Sandamu ran kasuwa ba tun aurensu, shekara goma sha biyu. Wannan ce Lahadi ta huɗu da ya ƙi fita.

"Maigida, motar kasuwar shanu fa ta tashi."

"Allah ya kai ta lafiya. Duba nan, kin bar tsakuwa."

Ta ɗauke tsakuwar, ta saci kallonsa. Mutumin da bai san inda ake ajiye ludayi ba, yau shi ke tambayar yadda ake gane tuwo ya nuna. Ga shi ya rame, farin idonsa ya yi rawaya. Ta tambaye shi ko wani ya yi wa laifi a kasuwa yake ɓuya. Ya ce a'a. Ta ci gaba da tsintar wakenta, amma zuciyarta ba ta kwanta ba.

Inna Kande, mahaifiyarsa, tana ganin komai daga ƙofar ɗakinta. Kalilu ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune. "Wancan" take ce masa. Ta juya ga autarta Barakatu, wadda ta gama sakandare bara, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Namiji da faifai ran kasuwa. Wannan ba so ba ne, aiki ne aka yi."

Daga ranar Inna ta daina cin girkin Hadiyya. In an kai mata kwano, sai ta zuba wa kaji, ta tsaya tana kallo ko za su faɗi. Hadiyya takan ɗauki kwanon ta wanke, gobe ta sake kaiwa. Kukanta a madafa take yi, ta ce hayaƙi ne.

Ran Alhamis da hantsi Hadiyya ta dawo daga famfo da tulu a ka, ta tarar an ɗage mata katifa, an zazzage kwallayenta. Barakatu na tsaye a tsakar gida riƙe da wani ɗan ƙulli, an naɗe shi da baƙar leda an ɗaure da zare.

"A saman ƙofarki na ciro shi, cikin azara, inda Yaya ke wucewa kullum. Wane boka ya ba ki?"

"Wallahi, Inna, ban taɓa ganinsa ba."

"Ɗakin wa ne?" in ji Inna.

Hadiyya ta sauke tulun.

Kalilu ya shigo daga garke da igiya a hannu. Yana ganin ƙullin ya tsaya cak.

"Barakatu, kawo shi nan. Kada ki kwance."

"Kin ji ko?" Inna ta ce da autarta. "Har kare layar yake yi. Ki gaya wa wancan, yau ba zan sha ruwa a gidan nan ba sai ya ba yarinyar nan takardarta."

Kalilu ya ce, "Inna, ki yi haƙuri—"

"Barakatu, kwance, na ce."

Barakatu ta tsinke zaren da haƙori. Ba fata a ciki, ba rubutun ajami. Farar takarda ce mai hatimi, an ninke ta har ta koma kamar kwalin ashana. Ta fara karantawa a zuci da gadara, sai leɓenta ya tsaya. Ta koma farko.

"Inna… ba laya ba ce. Rizalt ne na asibiti. Tes aka yi wa Yaya a Katsina."

"Me ya ce?"

Barakatu ta zauna a ƙasa da takardar a cinya.

Kalilu ya rataye igiyar a jikin rumbu. "Hanta ce. Ta gama lalacewa. Na tambayi likita saura kwana nawa, ya ce wannan na Allah ne, amma in koma gida in zauna da iyalina. Ni na ɓoye takardar, don na san Hadiyya ba ta kai tsawon azara ba."

Hadiyya ta juyo ta dube shi. "Wata guda kana riƙe mini faifai, ba ka gaya mini ba?"

"Da na faɗa, da kun fara zaman makoki ina raye. Ni kuwa waken nake so a ci gaba da tsinta." Ya ɗan yi murmushi. "Na san haƙoran kowane sa daga nan har Nijar, amma ban san kina waƙa in kina tankaɗe ba. Ban san Inna na magana da akuyarta ba. Shekara arba'in ina wucewa ta gidan nan kamar baƙo."

Inna Kande ta miƙe, ta jawo tabarmarta, ta shimfiɗa a gindin turmin da yake zama.

"Kalilu," ta ce.

Ya waiwaya kamar wani ake kira.

"Kalilu, zo ka zauna kusa da ni." Ta dubi surukarta, hawaye na bin tsagar fuskarta. "Ke kuma, 'yar nan, na ci haƙƙinki. Ki yafe mini."

"Ba komai, Inna. Allah ya yafe mana."

"Akwai sauran tuwon jiya?"

"Na ɗumama tun safe."

"Kawo. A kwano ɗaya."

Kalilu ya ƙara wata bakwai. Ya ga shuka, ya ga gero ya fid da kai, ya sha kunun sabon hatsi daga hannun matarsa. Ba wani abin a zo a gani da ya faru a watannin nan. An tsinci wake, an yi gardama a kan gishiri, Inna ta kira sunansa har ya ce ta rage, za ta ƙarar da shi. Bayan rasuwarsa, da dangin Hadiyya suka zo tafiya da ita ƙarshen takaba, Inna ce ta riƙe gefen zanenta tana kuka.

Zato zunubi ne, ya kusa raba mace da mijinta a lokacin da ya fi bukatarta, haƙurinta ne ya tsare gidan. Kuma kowa na da irin takardar Kalilu a saman ƙofarsa, ba a dai karanta masa ba tukuna. Wanda ke da wanda zai riƙe wa faifai, ya riƙe yau.